Daga Sussuka Zuwa Tankaɗe: Yadda Ake Gyaran Ƙagaggen Labari, Har da na Kirista

Mafi yawan masu kawo mini labari a nan Yamai magana ɗaya suke yi idan sun ajiye shi: "Malam, ka duba mini ƙugiyoyi kawai, jibi zan kai maɗaba'a." Wasu da kaye uku ko huɗu irin na ƴan lakwal suke zuwa. Wasu kuma saƙonnin WhatsApp ne sama da ɗari da suka riƙa tura wa masu karatunsu dare bayan dare. Sai ka buɗe ka tarar ba ƙugiyoyin haruffa irin su ƙ da ɗ ne ke ciwo ba. Labarin ne bai tashi ba sai shafi na 40, ko kuma yarinyar da aka ce marainiya ce a babi na biyu, ga mahaifinta yana karɓar sadakinta a babi na goma.

Ni ɗan Adar ne, a Tawa na tashi, kuma abin da na gani a tsakar gidanmu shi nake bi a wannan sana'a. Ba a tankaɗe gero yana kan zangarniya. Sai an sussuke, an sheƙe, an surfe, an wanke, an daka, sannan rariya ta shigo. Editan da ya fara da waƙafi da ƙugiya zai kwashe kwana goma yana goge babin da a ƙarshe cire shi za a yi. Ƙashin labari ake fara dubawa, sannan jimla, sannan harafi.

Aikin kuwa yana da masu nema. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram. Gidajen wallafa irin su Albasa da Gashingo sun buga littattafai cikin harsunan ƙasa a nan Yamai. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta sa mata da dama sun ɗauki alƙalami. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Marubuta sun yi yawa, masu gyara ne ƙalilan.

Kafin ka ce "na karɓa"

Kada ka karɓi rabin labari. Ka nemi duka, daga farko har inda aka rubuta "ƙarshe". In a kaye yake, sai an fara buga shi a kwamfuta, kuma wannan wani aiki ne dabam mai kuɗinsa dabam. In saƙonnin waya ne, a tattara su cikin fayil ɗaya na Word bisa jeri. Daga nan ka duba yawan kalmomi. Kada ka yi ciniki da shafi, domin shafin wani kalma 200 ne, na wani 500.

Ka karanta babi na farko, da ɗaya daga tsakiya, da na ƙarshe. Sannan ka gyara shafi uku ko huɗu ka nuna wa marubucin, kana duba agogo. Wannan ɗan gwajin yana yi maka amfani biyu. Marubucin zai ga irin hannunka tun kafin ya ba ka ko dala, kai kuma za ka san nauyin kayan da za ka ɗauka. In kalma 1,000 ta ci maka awa guda, labari mai kalma 40,000 zai ci awa 40 a bi ɗaya kawai, ban da karatun farko da zaman tattaunawa. Da wannan lissafin za ka yanke kuɗi.

Ka faɗa masa a fili cewa aiki uku ne: gyaran ginin labari, gyaran jimla, da gyaran ƙa'idar rubutu. Wanne yake so, wanne kuma kake ganin labarin yake buƙata? Abin da kuka daidaita a rubuta shi, ko da a saƙon waya ne: kuɗi nawa, rabi kafin a fara, rabi ranar miƙawa, sau nawa za ka bi rubutun, yaushe za ka gama. Na san kunya tana hana mu wannan, musamman in ɗan'uwa ne ko malaminka ko wanda kuke ibada tare. Amma zumuncin da na ga ya lalace a kan littafi, rashin magana tun farko ne ya lalata shi. In kyauta za ka yi, ka ce kyauta ne, ka kuma sa rana.

Ka tambaye shi wa yake so ya karanta. Ƴan mata masu karatu a waya? Matan zumunta a majami'a? Ɗaliban kwaleji? Amsar ita za ta riƙa yanke maka hukunci duk inda ka tsaya kana wasi-wasi.

Abu na ƙarshe a nan, amana. Ka ajiye ainihin fayil ɗin ba tare da ka taɓa shi ba, ka yi aiki a kan kwafi, ka riƙa adanawa wuri biyu, domin a bazara wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Kada ka tura wa kowa ko babi ɗaya. In marubucin yana tsoron sata, ka nuna masa hanyar hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA.

Karatun farko, ba alƙalami

Ka karanta shi kamar yadda mai saye zai karanta, cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ka gyara komai. Ka ajiye ƴar takarda a gefe kana rubuta lambar shafi kawai: nan na gaji, nan na rikice, nan na manta da shayina har ya huce. Wannan karatun sau ɗaya ake samun sa. Da ka san ƙarshen labari, ba za ka ƙara jin inda yake ja da inda yake saki kamar na farko ba.

Idan ka gama, ka gwada faɗin labarin cikin jimla biyu: wane ne, me yake so, me ya tare shi, me ya biya. In ka kasa, akwai yiwuwar marubucin ma bai sani ba tukuna.

Ƙashin labari

A karatu na biyu ka yi jadawali. Kowane babi layi ɗaya: su wa ke ciki, a ina, yaushe, me ya canza. Ka dubi layin "me ya canza" da kyau. Babin da aka shiga aka fita ba abin da ya motsa, ko dai a haɗe shi da maƙwabcinsa ko a cire. Yawanci biki ne. Marubutanmu suna son kwatanta biki, daga sa lalle har buɗar kai, shafi goma sha biyar, alhali abin da labarin ke nema a wurin kallo ɗaya ne da uwar miji ta yi wa amarya.

Sai kalanda. Labarinmu na ƙasar noma ne, kuma mai karatu ya san lokutansa. In saurayi ya tafi bida Abijan bayan an kai amfanin gona gida, ba za a ce washegari ana shuka ba. In an ce albasar Galmi ake kwashewa, to rani ne, kada hadari ya haɗo a shafi na gaba. Ciki wata tara ne ko a littafi. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, Nowel kuwa tana nan a 25 ga Disamba, don haka in labari ya ci shekara biyar, ba zai yiwu kullum su faɗo tare ba. Hanya ma haka. Daga Yamai zuwa Tawa ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni ya haura kilomita 500, wuni ne a mota. Wanda ya karya kumallo a unguwar Bukoki ta Yamai ba zai yi walaha a kasuwar Tawa ba.

Ka duba mafari. Sau da yawa babi na farko tarihin kakanni ne: asalin gidan, matan maigida, ƴaƴan kowace ɗaka. Marubucin yana buƙatar sanin wannan, amma mai karatu bai nema ba tukuna. Ka nemo ranar da abu ya karye, ka ba da shawarar a fara daga nan, a riƙa sakin tarihin kaɗan-kaɗan inda ake jin ƙishinsa.

Ka duba ƙarshe. Hatsarin mota da ke kashe kishiya daidai lokacin da marubuci ya rasa yadda zai yi da ita, attajirin kawu da ke ɓullowa daga Makka ko Faransa, mafarkin da ke tona asiri, duk alamun gajiya ne. Ƙaddara gaskiya ce, kuma mutanenmu sun yarda da ita. Amma a cikin labari, ƙaddara tana iya jefa mutum rami, fitowar kuwa mai karatu yana so ya ga hannun mutumin a ciki. In dole kawun ya zo, a shuka sunansa tun babi na uku.

Sannan ka tambayi kowane babban ɗan wasa: kai me kake so? Mugu ma yana da dalilinsa. Kishiyar da take mugunta don mugunta kawai ba ta tsorata kowa. Wadda take tsoron a kori ƴaƴanta daga gado, ita ce mai hana barci.

Wasiƙa da zama

Duk abin da ka gano, kada ka gyara da kanka. Ka rubuta wasiƙa, shafi biyu zuwa huɗu. Ka fara da abin da ya yi kyau, ka kuma faɗi shafinsa, domin yabon da ba shi da lambar shafi gaisuwa ce kawai. Sannan manyan matsaloli uku ko huɗu, kada su wuce haka. Kowace ka nuna inda take, abin da take yi wa mai karatu, da hanya ɗaya ko biyu ta fita.

Bayan kwana uku ku zauna. Yadda za ka yi magana ya danganta da wanda ke gabanka. In dattijo ne, "Baba, a nan na ɗan ɓace, ko za ku ƙara haska mini?" ya fi "wannan babin bai yi ba" isar da saƙo, kuma ba ƙarya ka yi ba. In ƙanwarka ce a shekaru, kada girma ya sa ta amsa "to, Yaya" ga abin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba. Ka tambaye ta, "Me kike nufi da wannan wurin?" Sau da yawa abin da za ta faɗa da baki ya fi abin da ta rubuta, sai ka ce mata ta rubuta wannan ɗin. In kun yi gardama ta tsaya a kan ra'ayinta, ka faɗi naka sau biyu, na uku ka bari. Sunanta ne zai hau bango.

In labarin na Kirista ne

A nan zan daɗe, domin an fi yin kuskure a nan, kuma a danginmu akwai masu zuwa masallaci akwai masu zuwa majami'a, don haka abin ya shafe ni.

Kiristocin Hausa a Nijar ƴan tsiraru ne, amma ba baƙi ba ne. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma daga aikinsa ikilisiyar bishara ta Nijar, EERN, ta fito. Katolika suna da babban limaminsu a Yamai, Tawa kuma tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001. Tambayarka ta farko ke nan: wace ikilisiya ce a labarin? Fasto yana aure, limamin Katolika ba ya yi. Tsarin ibadarsu ba ɗaya ba ne, ko yawan littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya bambanta, 66 a wajen Furotesta, 73 a wajen Katolika. Marubucin da ya cakuɗa su, masu karatunsa za su gane tun shafin farko.

Tambaya ta biyu: wace fassara yake ɗauko ayoyi? An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka fito da wata fassarar a 1979, akwai kuma sababbi bayansu. Ba su zama ɗaya ba ko a sunaye: wata ta ce Yahaya, wata ta ce Yohanna. A zaɓi ɗaya a tsaya a kanta, a rubuta a farkon littafi wadda aka bi. Ka ajiye bugaggen kwafi kusa da kai, ka bi kowace aya kalma da kalma, da sura da lamba. Marubutanmu da yawa da Faransanci suke karatun ibada, sai su juya ayar da ka zuwa Hausa su sa mata alamar zance kamar haka take a littafi. In tsohuwa ce a labarin take tuno aya da bakinta, ba laifi ta ɗan kauce. In fasto ne ya buɗe littafi yana karantawa, dole ta zo daidai.

Sai kalmomin gida. Sujada, baiko, jibin Ubangiji, baftisma, mai bishara, dattawan ikilisiya, zumuntar mata, shaida. In kai Musulmi ne, kada ka musanya su da waɗanda kunnenka ya saba. Sujada a bakin Kirista taron ibada ne gaba ɗaya. Kada kuma ka ɗauka kalmar Allah ko Ubangiji ko "in Allah ya yarda" aro ne da za a cire, da su Kiristan Hausa yake addu'a tun kakanninsa. Nowel ko Kirsimeti? Ɗan Dogondutsi da ɗan Jos ba lallai su faɗa iri ɗaya ba, ka bi garin labarin.

Babbar cutar irin wannan labari ita ce wa'azi ya hau kujerar labari. Za ka tarar da babi guda cur fasto yana kan mumbari, shafi bakwai, kowa ya yi tsit. Niyyar marubucin mai kyau ce, yana so a amfana. Amma wanda ya sayi labari ya ga ya shiga aji, tsallakewa zai yi, kuma abin da aka fi so ya karanta shi ne zai tsallake. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in rufe wa'azin da hannu in karanta babin da ke biye. In ba abin da ya ɓace, wa'azin ba ya aiki. Abin da nake ba da shawara shi ne a bar jimla biyu ko uku da suka soki wanda labarin ke bi, a mai da ido kansa. Yana zaune a benci na baya, kuɗin baikon majami'a da ya ci suna aljihunsa, matarsa tana waƙa a gaba ba ta sani ba. Mai karatu zai ji wa'azin a jikin mutumin.

In marubuci ya ce yana tsoron saƙon zai ɓace, nakan tuna masa da misalin ɗan da ya ɓace a Luka sura 15. Labarin ya ƙare uban yana waje yana lallashin babban ɗan, ba a faɗa mana ko ya shiga gidan ko bai shiga ba. An bar wa mai ji tambayar ya tafi da ita gida. Wannan hujjar ba ta taɓa kasa buɗe mini ƙofa ba.

Ka lura da tuba mai sauri da lada mai sauri. Mashayi ya ji waƙa ɗaya ya durƙusa, sati na zagayowa ya sami aiki, matarsa da ta shekara goma ba haihuwa ta ɗauki ciki. Masu bi na gaske sun san ba haka rayuwarsu take ba. Sun san addu'ar da aka shekara ana yi shiru, sun san komawa baya, sun san gorin dangi. Labarin da ya ɓoye wannan yana sa mai karatun da ke cikin wahala ya ji kamar bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. A bar wanda ya tuba ya yi tuntuɓe. A bar fasto ya zama mutum mai fushi da gajiya da kuɗin makarantar yara a kansa.

Sai maƙwabta. In duk Musulmin da ke cikin labarin azzalumi ne ko jahili, ka tsaya a nan, kada ka wuce. Ƙarya ce a kan rayuwarmu, inda ake aika wa juna naman layya da abincin Nowel, kuma wasa da wuta ne. Wanda ya ga majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015 ya san ba a wasa da wannan. Marubuci yana da damar ya rubuta zafin da ya sha, har korar da dangi suka yi masa, ba aikinka ba ne ka share masa hawaye da gogewa. Amma baffan da ya kore shi ma mutum ne mai tsoro da ƙauna, a nuna shi haka. Kada kuma a sa wa wani addini a baki abin da bai faɗa ba. Ka nemi izinin marubucin ka ba wani Musulmi mai hankali waɗannan shafukan ya duba. Haka nake yi in marubuci Musulmi ne ya sa Kirista a labarinsa bai ba shi komai ba sai kwalba.

Akwai wani haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Yawancin waɗannan labaran shaida ce ta gaske aka sauya wa suna. Jama'ar kuwa kaɗan ce, kowa ya san kowa. In ka ce malamar asibiti ce a gari kaza, mijinta direba, ƴaƴa huɗu, an gane ta ko da ka kira ta da wani suna. Ka tambayi marubucin kai tsaye ko akwai mai wannan labarin a raye. In akwai, ko a nemi yardarta, ko a sauya gari da sana'a da shekaru har ƴar'uwarta ma ba za ta gane ba.

Maganar koyarwar addini ba taka ba ce. Bayan an gama gyaran labari, marubucin ya kai wa fastonsa ko limaminsa ya duba ta wannan fuskar. Ka dai gaya masa tun wuri abin da ake nema daga Baba Fasto, don kada shafi bakwai ɗin nan su dawo ta taga. Iyakar abin da za a nuna na soyayya ko zagi kuma, ka tambayi wanda zai wallafa tun farko.

Jimla da murya

Yanzu ka kunna alamar bin gyara a Word, yadda marubucin zai ga duk abin da ka taɓa ya karɓa ko ya ƙi. Ka riƙa karantawa da ƙarfi. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo.

Ƙa'idar da nake bi: mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa, mutanen ciki su yi harshen garinsu. In tsohuwar Ba'adara ta ce "mi kaka so?", ko "shina tahiya", ko "ɗiyata", ko "dala biyat", kada ka mai da ta Bakanuwa. Ka dai tabbata ba ta ce "wanga" a shafi na 12 ta koma "wannan" a shafi na 13 ba dalili. Kalmomin da muka aro daga Faransanci ma namu ne: lakwal, mushe, kamyo, jandarma. Kuɗinmu dala da jika ne, jika biyar sefa 5,000 ke nan. Yawan karanta littattafan Kano ya sa wasu yaranmu suna rubuta labarin unguwar Lazare ana ciniki da naira. Ka dawo da su gida. Labarin da aka kafa a Yamai kuma a ce har ya ƙare ba wanda ya ce "fofo", gaisuwar Zabarmawa, ba a kasuwar Katako aka rubuta shi ba.

Abin da za ka farauta shi ne Faransancin da ya sa rigar Hausa. "Ta faɗa cikin soyayya" ba maganarmu ba ce, son shi ne ya kama ta. "Ya ɗauki wanka" a bakin samari ado ne, in ruwa ake nufi, wanka ya yi. "Aza tambaya" ya zauna a bakin ɗan jarida, bai zauna a bakin kaka ba.

Ka duba kunya. Matar ƙauye ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, suruki ba ya zaro wa surukarsa magana. In an karya wannan, ya zama da gangan, a wurin da labarin ke so a ji girgiza. Gaisuwa kuma a taƙaita, sai inda wani ya ƙi amsawa. Karin magana gishiri ne, ɗaya a inda ya dace ya isa, kuma ya fito daga bakin wanda zai iya faɗinsa.

Duk jimlar da ka sake, ka tambayi kanka: kuskure na gyara, ko nawa salon na ɗora? In shafi ya fara kama da rubutunka, ka koma baya.

Rariya

Sai yanzu ƙugiyoyi. Ka buɗe takardar ƙa'ida ta wannan littafin, ka rubuta duk abin da aka zaɓa: yadda ake rubuta sunan kowa, shekarunsa, sunayen garuruwa, Tawa ko Tahoua, lambobi da harafi ko da adadi. An yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, Nijar kuma ta fitar da dokar rubutunta a 1999. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne mu muna rubuta ƴ, a Najeriya suna rubuta 'y. Ka tambayi inda za a sayar da littafin, a zaɓi ɗaya.

Ka bi waɗanda ke juya ma'ana: fada da faɗa, baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. "Samari suna fada" shayi suke sha, "samari suna faɗa" a kira manya. "Ba a" dabam, "ba'a" dabam. "Shi ne" da "ya ce" da "za a" a rabe suke, "motarsa" da "yana" a haɗe. Ka yi amfani da wurin bincike na Word ka bi su ɗaya bayan ɗaya, amma kada ka taɓa danna "sauya duka". In da hali, wannan bin na ƙarshe wani ya yi shi, domin idonka ya riga ya haddace rubutun, yana ganin abin da ya kamata maimakon abin da ke wurin.

Maɗaba'a

Na taɓa miƙa littafi lafiya lau, wata maɗaba'a ta buɗe shi a kwamfutar da ba ta da irin harafin da muka yi aiki da shi. Duk ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suka koma ƴan akwatuna, aka buga ɗaruruwa a haka, marubuciyar ta zauna a gabana tana kuka. Tun ranar ba na miƙa fayil ɗin Word. Ka zaɓi harafin da ke ɗauke da ƙugiyoyinmu, irin su Charis SIL ko Andika ko Gentium, a tsara shafuka, yawanci a girman A5, a mai da shi PDF da harafin a cikinsa. Yawan shafuka ya rabu da 4, in babban inji ne su kan so ya rabu da 16. In za a sa lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ka ƙirga ta cika 13.

Ka nemi gwajin bugu a takarda kafin a saki inji. Ka duba bango da ƙashin baya da sunan marubuci harafi-harafi, domin a manyan haruffa kuskure ya fi ɓuya. Ka duba jerin babi da lambobin shafi, da layin farko da na ƙarshe na kowane shafi. A wannan matakin kuskure kawai ake gyarawa, ba a sake jimla. Marubucin ne zai sa hannu a kan gwajin cewa a buga, da kwanan wata, ku riƙe kwafi ɗaya. Ranar ɗauko kaya ka zari littafi uku daga kwali dabam-dabam, ka bi shafukansu tun kuna bakin ƙofar maɗaba'ar, kafin a ɗora su a mota. Sannan ka miƙa wa marubucin fayil na ƙarshe da takardar ƙa'ida, ka karɓi cikon kuɗinka, ka ajiye kwafin takardar a wurinka, domin in littafin ya karɓu, da kashi na biyu zai dawo.